Yefim da 'Yar Tsana ta Bakwai

Akwai wani masassaƙi a wani ƙauye can ƙasar Rasha, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa wata biyar, mutum ya tofar da yawu ya ji ya faɗi ƙwal kamar tsakuwa. Sunansa Yefim. Yana zaune da matarsa Fekla da tsohuwarsa Agafiya. Sana'arsa ita ce sassaƙa 'yan tsana irin na ƙasarsu, waɗanda suke kira matiriyoshka.

Na san yawancinku ba ku taɓa ganin irinta ba, don haka ku matso in haska muku, ni da na taɓa riƙe ta da hannuna. 'Yar tsana ce ta itace mai siffar gora, an zana mata fuskar mace da ɗankwali. In ka murɗa ta a tsakiya sai ta rabu biyu, ka tarar da wata a ciki. Ka murɗa wannan, ga wata. Haka za ka yi ta yi har ka kai ga 'yar mitsitsiya ta ƙarshe, wadda ba ta buɗuwa. Daga wani tsohon sunan matan ƙauye aka samo sunanta, tushensa kuwa uwa, gama uwa ce ɗauke da 'ya'yanta. An fi shekara ɗari ana yin ta a can. Wani likita ɗan ikilisiyarmu da ya yi karatu a ƙasar ne ya kawo guda, ya ba zumuntar mata su gani. Ni kuwa na faki ido na ɓoye ƙaramar a kumatuna, na bar iyayenmu mata suna ɗaga tabarmi har aka kusa fasa taro. An ja mini kunne, amma na ƙare mata kallo fiye da kowa, shi ya sa in ina magana a kanta ku kasa kunne.

Aikin yana da ƙa'ida. Wani farin itace mai taushi ake sarewa, kusan irin rimi, a ɓare shi, a jingine a inuwa inda iska ke ratsawa har shekara biyu. Wanda ya yi gaggawa ya sassaƙa ɗanye, aikinsa tsagewa zai yi. In ya bushe sai a ɗora guntu a kan keken sassaƙa, wanda ake takawa da ƙafa kamar keken ɗinki, itacen na juyawa, masassaƙi na kafa masa wuƙa. Babbar ƙa'idar kuwa ita ce, da ƙaramar ake farawa. Ita ce ma'auni. In an gama ta sai a sassaƙa mata ɗaki daidai jikinta, ɗakin nan shi ne 'yar tsana ta gaba. Ita ma a yi mata nata ɗakin. Babbar da kowa ke yabo, ita ce ta ƙarshen zuwa duniya.

Yefim gwani ne, ya kuma san shi gwani ne. Cutarsa ke nan, ni ma na san zafinta. Shi yake sassaƙa, Fekla ke zana fuskoki da fenti.

Tsohuwarsa Agafiya 'ya'ya shida ta haifa. Yefim ne ɗan fari, shi kaɗai kuma ya rage a gabanta. Biyu sun rasu da girmansu, biyu sun tafi birane masu nisa, an yi shekaru ba a gan su ba. Autar kuwa, Uliyana, kwana tara ta yi a duniya. Da tsufa ya zo, sai yanar ido ta fara kama Agafiya, kullum abin da take gani yana raguwa.

Wata rana ta kira shi. Su can uwa ba ta kunyar sunan ɗan fari, kai tsaye take kira. Ta ce, "Yefim, ka yi wa mutanen gari 'yan tsana ba iyaka. Ka yi mini tawa. Ni a waje, ku shida a ciki, bi da bi, har Uliyana. Ina so in ga 'ya'yana wuri ɗaya tun idon nan bai gama rufewa ba."

Ya ce an gama. Bai tsaya nan ba, ran Lahadi da aka tashi sujada ya tsaya a ƙofar majami'a yana faɗa wa duk mai wucewa cewa zai yi wa tsohuwarsa 'yar tsanar da ƙauyen bai taɓa ganin mai girmanta ba, kowa ya zo ya gani nan da mako shida.

A shekarar nan gungume uku na busasshen itace suka rage masa. Ya ɗauki mafi kauri ya ɗora a keke. Fekla ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Maigida, ba da ƙaramar ake farawa ba?" Ya amsa mata da cewa ƙa'idar nan don masu koyo aka yi ta, wanda ya shekara talatin a kan keke idonsa ya ishe shi awo. Ta koma wajen fentinta.

Mako uku ya yi a kan babbar kaɗai. Ta fito kamar tulu. Fekla ta zana mata jan ɗankwali da furanni, aka shafa mata man ƙyalli, Yefim ya ajiye ta a taga. Mutane suka riƙa karkata hanya don su wuce ta ƙofar gidansa, shi kuma yana daga ciki yana yi kamar bai ji yabon ba.

Sa'an nan ya shiga aikin ciki, a nan ne kuwa ƙa'idar da ya raina ta fara rama abin da aka yi mata. Don gudun kada ta biyu ta ƙi shiga ta farko, sai ya rage mata jiki da yawa. Haka ya yi wa ta uku, haka ta huɗu. Kowace ta ci wurin ƙanwarta. Gungume na biyu ya ƙare a kan ta shida, ta fito kamar babban yatsa, ramin cikinta kuwa ƙwayar wake ce kaɗai za ta zauna. Babu wurin Uliyana.

Ya dubi gungume na uku, ya tuna jibi ne Lahadin da ya gayyaci jama'a. Sai ya shiga madafa ya ɗauko busasshen wake ƙwaya ɗaya, ya jefa cikin ta shida, ya shafa danƙo a bakinta ya rufe. Ya girgiza ta a kunne, ta yi ƙwal-ƙwal. Ya ce a ransa, tsohuwa ce, idonta ya tafi, wa zai bi har ta bakwai? Dabara ce wadda da a zamanin ƙuruciyata ne, da na yi mako ina ba da labarinta. Da Fekla ta nemi ta bakwai don ta zana mata fuska, ya ce ai ya zana da kansa. Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa.

Ran Lahadi ɗaki ya cika. Har Kuzma maƙeri ya zo, sa'an Yefim ne kuma abokin wasansa tun suna yara. Aka ɗora babbar a cinyar Agafiya, kowa na jiran ta yaba furannin. Ko kallonsu ba ta tsaya yi ba. Murɗawa ta yi ta ajiye murfin gefe, ta ciro ta biyu, ta murɗa, ta ciro ta uku. Sauri take yi kamar mai neman wani a kasuwa. Da ta kai ta shida sai ta ƙi buɗuwa. Ta kai ta kunne ta girgiza, ta ji motsi, fuskarta ta washe. Ta ce, "Tana ciki."

Yefim ya ce danshi ne ya kumbura itacen, in ya ji ɗumi zai saki. Jama'a suka yaba babbar, suka watse.

Tun daga ranar, kullum da safe Agafiya takan zauna kusa da murhu, ta naɗe ta shida a tsumma tana ɗumama ta, ta ciro ta murɗa, ta mayar. Har fatar yatsanta ta saɓule. Yefim yana gani, yakan sunkuyar da kai ya wuce wajen kekensa.

A rana ta goma, da hantsi, mata biyu na maƙwabta sun zo gaishe ta, Kuzma ma ya shigo kawo wuƙar da ya wasa. Zafin murhu ya riga ya narkar da danƙon. Agafiya ta murɗa, sai ga shi ta buɗe. Ƙwayar wake ta faɗo a cinyarta, ta gangara ƙasa. Tsohuwa ta lalubo ta, ta kai ta dab da ido, ta juya ta, ta sansana.

Ta ce, "Yefim, wannan ce ƙanwarka?"

Ba wanda ya yi dariya, ko Kuzma. Ta ce, "Kwana tara na riƙe yarinyar nan, shekara arba'in ban yarda an manta da ita ba. Kai kuma ka bar ni kwana goma ina ɗumama wake."

Yefim ya kwashe 'yan tsanan ya koma wajen aiki, da niyyar faci. Ya ce bari ya ƙara raraƙe ta shida don a sami wuri, sai ta tsage biyu a hannunsa. Ya auna da ido, in ya yi sabuwa mai ɗan girma ba za ta shiga ta biyar ba. In ya sāke ta biyar, ta huɗu ba za ta karɓe ta ba. Ya bi su ɗaya ɗaya har babbar, ya ga ba wadda za ta tsira. Gungume ɗaya ya rage masa. In ya ɓata shi sai nan da shekara biyu, idon tsohuwarsa kuwa ko wata uku ba lalle ya kai ba.

Ya tashi ya je ya durƙusa a gabanta. Bai kawo hujja ba. Ya ce shi ya sa waken, shi ya liƙe, ya kuma gan ta tana murɗawa ya wuce. Ya ce zai sāke aikin duka, da Uliyana zai fara, amma ya manta fuskarta, ta taimake shi. Agafiya ta juya masa baya. Washegari ya dawo ya durƙusa, ta yi kamar tana barci. A rana ta uku, ba tare da ta waiwayo ba, ta ce, "Tana da gashi baƙi, tsaye a tsakar ka kamar na ɗan tsako. Da tawadar Allah ƙarƙashin kunnen hagu. Tafi."

Ya yanki guntu daga gungumen ƙarshe. Kwana huɗu ya yi a kan abin da bai wuce ɗan yatsa ba, yana taka keken a hankali kamar mai tafiya a kan ƙwai. Fekla ta tsige gashi uku daga burushinta ta ɗaure, da su ta zana idon da gashin da ɗigon nan na ƙarƙashin kunne. Suka kai wa Agafiya a bakin taga inda haske ya fi yawa. Ta matso da ita har tana taɓa hancinta. Ta daɗe. Sai ta dunƙule hannu a kanta, ta ƙi bayarwa.

Yefim ya ce yana bukatarta, da ita zai auna ta gaba. Ta ce in awo yake so ya zo ya yi a nan, yarinyar nan ba ta ƙara barin hannunta. Haka kuwa aka yi. Kullum yakan sassaƙa, ya taho da aikin gefen gadonta ya gwada, ya koma ya rage, ya dawo. Wata rana sau takwas. Duk zuwan da ya yi, sai ta ba shi labarin wanda ake sassaƙawa: wadda ke tsoron agwagi, wanda ya karya ƙafa a kan rufin gida, wanda ba ya cin abinci sai an yi masa waƙa. Shekara da shekaru suna gida ɗaya, bai taɓa jin waɗannan ba.

A gari kuwa sunansa ya koma Mai Wake. Tagarsa ta zama wayam, ba mai karkata hanya. Kuzma yakan leƙo ya ce, "Mai Wake, yaushe ne girbi? Da ka shuka ta a bayan gida, da yanzu ƙanwar taka ta yi fure." Yefim ya ce, "Je ka hura wutarka, Kuzma. Kai da ko ƙusa ka ƙera sai an tambaye ka mene ne." Ƙafarsa dai ba ta sauka daga keke ba.

Aka gama ta shida, ta biyar, ta huɗu. Idon Agafiya na ta ja da baya. Sa'ad da aka gama ta biyu, wato Yefim kansa, sai ta kai abu kusa ƙwarai kafin ta rarrabe ja da baƙi. Fekla ta ja mijinta gefe ta ce babbar farko tana nan lafiya lau, ga kyau, a zuba su a ciki a kai mata yau tun tana ɗan gani, sabuwa za ta ci mako biyu. Ya ga maganar da hankali. Ya zuba biyar ɗin da ke wurinsa a ciki ya rufe, ya ɗaga. Sai suka yi ta kwaramniya kamar duwatsu a garwa. Ya ce, "Wannan ma wake ne, girma kawai ya fi."

Wannan karon bai yanke shawara shi kaɗai ba. Ya je ya faɗa wa tsohuwarsa yadda abin yake. Ta ce a jera mata shidan a bakin taga. Ta bi su ɗaya ɗaya da hanci a jikinsu, tun daga babban har autar, ta koma ta sāke bi. Sa'an nan ta ce, "Na gan su. Tawa fuskar kuwa na santa. Je ka yi aikinka daidai." Ya fita ya ɗauki babbar nan da gari ya yaba, ya sa ta a murhu, don kada zuciyarsa ta ƙara komawa kanta.

Kafin mako biyun su cika, idon Agafiya ya rufe sarai. Sabuwar babbar ta fito ba ta kai rabin ta farko ba, gama daidai 'ya'yanta aka yi ta. Ba a gayyaci kowa ba. Kuzma ne kaɗai ya shigo, ya cire hula ya tsaya jikin bango.

Ta yarda aka sa autar a tsakiya, aka ɗora mata babbar a cinya. Ta murɗa, ta buɗe da 'yar ƙara kamar ta sabon takalmi. Ta ce, Yefim. Ta murɗa. Marfa. Zahar. Luka. Anisiya. Ta ciro ta ƙarshe ta gwada murɗawa, ta ƙara gwadawa.

Ta ce, "Wannan ba ta buɗuwa."

Ya ce, "Ba ta buɗuwa, Mama. Itace ne har ciki."

Ta mayar da su, kowa cikin ɗan'uwansa, ta rufe babbar. Ta ɗaga ta kusa da kunne ta girgiza, ba ta ji motsin kome ba. Ta rungume ta, ta ce, "To, yau kowa yana gida."

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa, kowannenmu sassaƙa kansa yake yi, yawancinmu kuwa da babbar muka fara. Babbar ita ce abin da ake gani ran Lahadi: farar riga, anko na zumunta, murya a cikin mawaƙa, doguwar addu'ar da ke sa a ce wane ya iya. Ba laifi ba ne mutum ya kasance da su. Amma in su ka fara sassaƙawa, za ka yi ta rage na ciki don su shiga, ka rage gaskiya kaɗan, ka rage haƙuri da matarka kaɗan, har ka isa tsakiya ka tarar ba wurin zuciya. Daga nan sai neman wake.

Waken nan na san shi da kyau. Shekarar da aka yi gasar haddar ayoyi ta gunduma, ni na ci na ɗaya, ni da ko aji uku na sakandare ban ƙarasa ba, na kayar da masu takardu. A tafin hannu na rubuta su da biro. An yi mini tafi, an ɗaga ni sama. Bayan shekaru, ranar da aka kira ni gefen gadon wani abokina a asibiti ya ce in faɗa masa aya ɗaya da zai riƙe, na buɗe baki, ba abin da ya fito. Na duba tafin hannuna kamar wawa. Ranar na fara hadda ta gaskiya, aya ɗaya a mako, har yau kuma ban fasa ba. Yanzu duk mai ja ya zo mu gwada, hannuwana a buɗe.

Mutanen gari a taga suke tsayawa. Ubangiji kuwa murɗawa yake yi, ya ajiye murfi gefe, ya wuce ciki, ba ya tsayawa sai ya kai ta bakwai. Ƙarar da kake yi ba ta ruɗinsa. Mutanen gidanka ma haka, su da suke ɗumama alkawarinka kullum suna jiran ya buɗe.

Ku lura Yefim bai tsira da faci ba, sai da ya durƙusa ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, ya jure kwana uku ana juya masa baya, ya jure sunan da gari ya sa masa. Ku lura kuma gungume ɗaya ya rage masa. Ba wanda ya san nawa ne nasa ya rage, ni ma da nake cika baki ban sani ba.

Saboda haka kada ka ce sai an yi taron farkawa. Makon nan ka zaɓi ƙaramin abu ɗaya wanda ba mai gani: ƙaryar da za ka je ka warware, ko tsohuwar da za ka zauna gefen gadonta, ko addu'ar minti biyar a bayan ƙofa. Ka sassaƙa shi ya zama itace har ciki. In Kuzma ya leƙo ya yi dariya, ka amsa masa in kana da amsa, amma kada ka sauke ƙafa daga keke. Babbar za ta zo a lokacinta, daidai abin da ke cikinta. Allah ya ba mu ƙarfin farawa daga ciki. Amin.